Babur Marar Sallama

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, ƴaƴana, kuma na san ta kai kunnen jikoki. Wai yayanku Issufu ya sayo mini babur mai lantarki sabo fil, na raina shi, na jefa shi ɗakin kaji, na koma kan tsohon ƙarfena don taurin kai. Taurin kai kam ina da shi, ba sai an yi nisa neman shaida ba. Amma a wannan karon ba shi ya yi aiki ba. Bakina aka ɗaure, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu wadda ta ɗaure bakin ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, saboda haka ku gyara zama ku ji yadda abin ya kasance.

Kun san sana'ata. Irin albasa nake sayarwa, da na kabeji da tumatir, ina bin kasuwanni daga Dogarawa zuwa Badagishiri, wani lokaci Illela, wani lokaci har Ƙonni. Tsohon babur ɗina shi ya yi mini wannan bauta shekara da shekaru. Injinsa lafiya lau, amma salansarsa ta fashe tun kuna ƙanana, an yi mata walda har mai waldar ya ce in ji tsoron Allah in daina kawo ta. In na tayar da shi, sai ka rantse injin niƙa ne ya tsinke. Tun ina gangaren fadama duk unguwa ta san na dawo, kaji su watse, masu hira a gindin itacen bedi su yi shiru sai na wuce. Kafin in shigo zaure zan tarar da uwarku Habsu zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, kwanon ruwa a gefenta, ta ce mini sannu da zuwa. A da a tsaye take tarbata a bakin zaure. Da ta koma tarbata a zaune, na ɗauka gwiwa ce, don ni ma tawa ta fara ƙara.

A gidanmu ni ke buɗe rumbu in fitar da dami, amma in an sussuke, tiya, kwanon awon hatsi, a hannun uwarku take. Ita ke auna na tuwo, ta auna na fura, ta ware na maƙwabciyar da mijinta bai aiko ba, ba tare da kowa ya ji ba. Wanda ke riƙe da tiya shi ke riƙe da gida, kuma uwarku ba ta taɓa ba wani aron ta ba, ko da tana zazzaɓi. A lokacin da nake ba ku labari duk kun watse. Issufu yana aiki a Yamai, mata suna gidajen mazajensu, autanku Abdu yana ci-rani a bakin teku. Daga ni sai ita sai Rabi, matar Abdu.

Shekarar nan da mai ya yi tsada a bakin iyaka, har masu kabu-kabu suka fara jingine baburansu, sai ga Issufu bayan kaka da babur a bayan mota. Aka sauke. Na zagaya shi, ban ga tanki ba, ban ga salansa ba.

Na ce, "Wanga kuma mi yake ci?"

Ya ce, "Rana, Baba. Za a kafa maka faranti a kan ɗaki, batirin ya sha rana ya ƙoshi. Kuma ba irin na banza ba ne da ake haɗawa a sayar a gudu. Dubi tambarin. Kamfanin da ya ƙera naka shi ya ƙera wannan."

Na duƙa na duba, tambarin kuwa iri ɗaya. Nan zuciyata ta kwanta, don wanda ya ƙera abin da ya jure mini, ya jure rairayin hanyar Illela, ba zan yi masa musu ba. Kuma bari in faɗa muku a fili, tun da abin da ake gardama a kai ke nan: na so babur ɗin nan. Wallahi na so shi. Ranar farko da na hau, na murɗa, sai kawai na ga ƙasa tana tafiya. A kan hanyar Badagishiri na ji kukan kurciya, abin da rabona da ji a kan babur tun ina da baƙin gemu. Mutum ya gaishe ni daga gona in ji, in amsa, ya ji. Jakuna suka daina zubar da kayan mutane saboda ni. Ina tafe ina jan wuridina ba abin da ke katse ni. In na dawo in zare batirin kamar ɗan galan, in jona shi, shi ke nan, ba layi wajen masu sayar da mai a kwalba. A majalisa har alfahari na yi da ɗana, abin da uba bai cika yi da ɗan fari ba.

Uwarku ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ranar da aka kawo shi ta zo ta shafa shi tun daga kai har wutsiya, ta ce in tayar ta ji. Na ce ai a tashe yake. Ta kasa kunne, sannan ta ce:

"Wanga abu ba shi da sallama."

Muka yi dariya, har Issufu. Ita ba ta yi ba.

Daga nan na fara ganin tana ramewa. Ko yaushe na dawo, a kan tabarmar nan take, kamar an dasa ta. Abinci ba ta ci sosai, fara'a ta ragu. In na tambaya ta ce zafi ne, bazara ta kama. Na sayo mata magani a kasuwa, ta karɓa ta yi godiya.

Wata rana na kama hanyar Dogarawa, har na yi nisa na tuna na bar jakar irin kabeji a zaure. Na juyo. Hantsi ne, lokacin da ba wanda ke tsammanina. Na shigo zaure da babur ba ko ƙyas, na ɗauki jakar, har zan juya sai na ji muryar Rabi a tsakar gida.

"Inna, hagu kaɗan. Turmi na gabanki."

Na leƙa. Uwarku ce ke tafe, hannunta ɗaya a sama riƙe da igiyar shanya, ɗayan a miƙe a gabanta tana lalube. Igiyar nan na daɗe ina sunkuya mata ina masifa, don an ɗaure ta ƙasa-ƙasa daga ƙofar ɗakinta zuwa madafa, daga madafa zuwa gindin rumbu, ga ƙulli a jikinta nan da can. Sai ranar na ga amfanin ƙullin. In yatsanta ya taɓa ƙulli sai ta tsaya, ta san inda ta iso. Ta durƙusa gaban ƙwaryar hatsi, ta lalubo tiya, ta cika, ta shafe bakin da tafin hannu, ta juye. Ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Ta ɗago fuskarta tana kallon zaure, daidai inda nake tsaye, da rana tsaka, ba ta gan ni ba.

Ta ce, "Rabi, mu yi maza. Tun da wanga abu ya shigo gidan ga ba ni da sukuni. Da can tun yana fadama nike jin shi, in bi igiyata a hankali in zauna. Yanzu ko bayan gida ina tsoron tashi."

Rabi ta ce, "Inna, da kin bari an faɗa ma Baba."

"Ki rufa mini asiri, ɗiyata, yadda kika saba."

Na ja da baya. Na tura babur waje, na hau, ya ɗauke ni shiru kamar yadda ya kawo ni. Ranar ban ci kasuwa ba. A fadama na sauka, na zauna gindin wani gawo, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ba kunya a faɗa, tun da ba wanda ya gani.

A nan na tuna surukata, kakarku ta wajen uwa. Ba ku san ta da ido ba, a makance kuka same ta. Mace ce da a da in ta yi magana a gidansu ba mai tari. Da idonta ya tafi, don tausayi aka karɓe tiya daga hannunta, aka ce ta huta. Aka ajiye ta a lungun gida, aka ba ta sanda, jikoki na ja. Ba a zage ta ba, ba a hana ta abinci ba, amma sunanta ya ɓace, kowa sai ya ce a kai wa makauniya furarta. Wata rana da muka dawo daga gaishe ta, uwarku tana goye da ɗayanku, ta ce mini a hanya:

"Malam, in Allah Ya nufe ni da abin da Ya nufi Inna, ina roƙon Ya ɗauke ni kafin a riƙe mini sanda."

Na ce ta daina mugun fata, na manta. Ita ba ta manta ba.

Na auna abin ta kowace fuska. In na shiga na ce na gani, na karya ta. In kun ji, kun san halinku, gobe mota za ta zo daga Yamai, a ɗauke ta don ƙauna, a miƙa wa Rabi tiya, a ce Inna ta huta. In kuwa na fara danna oda a ƙofar gida, abin da ban taɓa yi ba, za ta gane, kuma oda ba ta ba mutum lokacin bin igiya daga rumbu zuwa tabarma. Abu ɗaya ne zai maido mata da tsakar gidanta ba tare da an buɗe baki ba. Washegari na fito da tsohon ƙarfena, na kakkaɓe shi, na sayi kwalbar mai da tsadarta, na doka masa ƙafa har ya kama. Na ce sabon yana sa mini ciwon baya. Na tura shi ɗakin da babu kowa, na lulluɓe shi da tabarma. Ba a yi mako ba na ji uwarku tana yi wa kaji faɗa da muryarta ta da, ta kuma cinye tuwonta.

Ana haka Issufu ya zo sunan ɗiyar ƙanwarsa. Ya ji ni tun daga fadama kamar kowa. Bayan an watse ya shiga ɗakin, ya ɗaga tabarma, ya tarar kaza ta yi ƙwai a wurin sa ƙafa. Ya same ni a zaure, ya durƙusa. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini ba.

"Baba, wani abu ya lalace a jikinsa?"

"Ba abin da ya lalace."

"Cajin ne ba ya kai ka?"

"Yana kai ni, ya maido ni."

"To mene ne, Baba? An ce mini ciwon baya. Wancan da ke girgiza mutum kamar rariya shi ne ba ya sa ciwon baya?"

Uwarsa tana zaune bayan katanga, kowace kalma a kunnenta. Na dubi ɗana, na ga idonsa ya kawo ruwa. Na san ya hana kansa abubuwa kafin ya kawo wannan kyauta, na kuma san ba babur kaɗai ya kawo ba, so yake in ce ya isa ɗa. Maganar ta zo mini har maƙoshi. Na haɗiye ta na ce:

"Na fi sabawa da nawa."

Ya ce, "To, Baba. Allah Ya huci zuciyarka."

Da safe ya sa aka ɗora babur a mota, aka kwance farantin. Daga ranar gaisuwarsa ta waya ta gajarce. Ina kwana, ina gajiya, ga Inna. Aike bai fasa ba, zumunci bai yanke ba, amma hirar da muke yi a da, ta gona da ta duniya, ta mutu. Na ji zafin wannan ƙwarai, har yau ina ji.

Saura maganar idon, don rufin asiri ba ya warkar da ciwo. Sai na fara ƙorafi. Yau in ce hazo nake gani, gobe in zuba shayi a gefen kofi, jibi in gaida Rabi da sunan wata. Da abin ya nuna, na ce zan tafi babban gidan likitan nan na bakin kwalta a duba ni, kuma ba ni zuwa ni kaɗai. Uwarku ta ce Rabi ta raka ni. Na ce ina aka taɓa yin haka, suruka ta yi jinyar suruki. Ta ce a kira ɗaya daga cikinku. Na ce:

"Tun muna da ƙuruciya muke tare, yau za a sa mini wuƙa a ido ki ce in tahi da wani?"

Ta juyo da fuskarta wajena. Ta ce, "Mai ciwon ido ne zai tuƙa mu?"

Na ce, "Babur ya san hanya."

Da muka sauka a ƙofar gidan likita na miƙa mata hannu na ce ta riƙe ni kada in faɗi. Ta kama damtsena. Haka muka ratsa taron nan, duk wanda ya dube mu ya ga mace tana jan mijinta, har wata tsohuwa ta sa mata albarka. In akwai matakala sai in tsaya in ce, ke, kamar tudu nake gani, sai ta ɗaga ƙafa. Da aka kira ni ciki, na raɗa wa ma'aikaciyar da ke wurin, wata dattijuwa mai tabarau, cewa idona garau yake, na gaya mata sauran a taƙaice. Ta dube ni ta saman tabaranta, ba ta yi dariya ba. Ta haska mini fitila don cika al'ada, sannan ta fita ta ce da ƙarfi:

"Inna, shigo. A nan duk wanda ya rako mai ciwon ido sai an duba nasa."

Likita ya ce na dama ya riga ya tafi, jijiyar ta mutu, ba abin da za a yi. Na hagu yana ce ta rufe shi, ana iya cirewa. Uwarku ta zauna kamar dutse. Ni na yi ta surutu, na ce ikon Allah, an zo duba wani an samu wani. Aka yi mata aiki. Muka zauna a rumfar masu jinya har aka sallame mu. Kafin mu taso na sayi baƙin tabarau a bakin titi na ƙwama a fuskata, na yi wata guda ina yawo da shi a gari. Kun tuna kun yi ta bugo waya kuna yi mini sannu da aikin ido, har ɗayarku ta aiko da zuma. To, idona ba wanda ya taɓa shi. Zumar dai na sha, Allah Ya saka da alheri. Rabi ce ke ɗiga wa uwarku magani a ɗaki, kuma har yau yarinyar nan ba ta furta wa kowa ba, ko mijinta. Ku riƙe ta da daraja.

A hanyarmu ta komawa gida, mun bar kwalta mun shiga turɓaya, na ji tana magana a bayana. Ƙarar babur ta hana ni ji. Na ce mi? Ta sake faɗa, ban ji ba. Na tsaya na kashe inji. Ta ɗaga mayafinta tana kallon gonaki da ido ɗayan nan, tana ƙifta shi, ba ta dube ni ba.

"Cewa na yi ka kai a sauya wagga salansa. Ta gama aikinta."

Ashe tun ranar da na fito da tsohon babur ta san na gani. Ni ina rufa mata, ita tana rufa mini cewa ta gane. Na ce:

"To, sai in kira yaron nan in warware masa."

Ta ce, "Ka ce masa mi?"

Kafin in amsa ta ci gaba:

"In ya ji, duk sun ji. Su fara kallon ƙafata in ina tafiya, su fara karɓe abu daga hannuna. Ido ɗaya gare ni, Malam, kuma likita bai yi mini alkawarin zai daɗe ba. Ka bari sai na kau."

Na ce mata yaron yana jin zafi. Ta ce ta sani, ita ta haife shi, kuma kullum tana yi masa addu'a a kan haka. Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce in tayar mu tafi, rana na yi. Na yi mata alkawari a wurin. Ko daidai muka yi ko ba daidai ba, na sha juya shi a raina, kuma har yanzu in aka maido ni gindin gawon nan abin da zan zaɓa ke nan. Sai dai Issufu ne ya biya, shi da bai san ana ciniki ba.

Salansar ban sauya ba. Na ce mata ba a samun irinta, ta ce ƙarya nake yi, muka bar maganar. Kuma gara da ban sauya ba, don bayan ƴan shekaru idon hagun ma ya fara dushewa, igiyar shanya ta koma inda take a da, na ci gaba da sunkuya mata ina masifa kamar ban san komai ba. Daminar bara, ranar da ciwon ajali ya kama ta, da safe ita ta auna hatsin gidan nan da hannunta. Har aka kai ta makwancinta ba wanda ya riƙe mata sanda, ba wanda ya kira ta da wani suna in ba nata ba.

Issufu, kai nake wa magana yanzu. Kyautarka ba ta da aibu, kuma ban taɓa hawa abin da ya kai ta daɗi ba. Ka isa ɗa tun ranar, bakina ne bai samu faɗa ba. Ƙafata ta yi rauni, tsohon ƙarfen nan sai na doka na doka kafin ya tashi. In babur ɗin yana nan, ka kawo mini shi. Yanzu ba mai sauraren dawowata a gida.